Kare A Ƙasar Gwandu: Daga Bakin Zaure Zuwa Cinya

Tun da na fara ganin hotunan mutane rungume da karnuka a waya nake son in yi wannan rubutu, domin mu nan Gwandu da Kalgo ba haka muka taso muka ga ana yi da kare ba. Shin karen ne ya bambanta, ko mu ne?

Da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya karɓi yammacin daula a 1812 ya zauna Gwandu, fiƙihun Malikiyya ake karantawa, kuma a mazhabar Imam Malik kare mai rai ba najasa ba ne. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki, Mukhtasar Halil ya ɗauke shi bin umarni ne kawai. Hadisi kuma ya ba da izinin karen farauta, da na kiwo, da na gona. To a nan iyayenmu suka tsaya, wato kare ma'aikaci ne. Yana bin mafarauci daji da rani, yana kwana gefen garken Bafillace a fadamar Kalgo, ladansa ƙanzon tuwo, amma ɗaki ba ya shiga. Buzayen Azawak kuwa, musulmi ne kamarmu, karensu mai dogayen ƙafafu a tanti yake kwana tare da su.

Amsar tana wurin goyo. A 1965 wasu masana biyu na Amurka, Scott da Fuller, sun nuna cewa tsakanin mako 3 zuwa 12 da haihuwa ne kwikwiyo ke koyon wa zai yarda da shi. Wanda hannu ya saba taɓawa a lokacin, da ya girma sai ya riƙa neman jikin mutum, kamar yadda yake cusa kai cikin 'yan'uwansa don ɗumi. Wanda kuwa aka haifa a kango, ya fara sanin ɗan Adam da jifa, in ka riƙe shi gani yake an kama shi. A 2015 ma masana a Japan sun gano cewa idan kare da maigidansa suka daɗe suna kallon juna, sinadarin oksitosin, wanda ke ƙulla uwa da jariri, yana ƙaruwa a jikinsu duka biyu.

Ni dai ina ganin mafarautanmu sun san wannan ba tare da littafi ba, shi ya sa suke ɗauko kwikwiyo tun yana ƙarami, yara su yi ta sagwabtu da shi.

Abin tsoron shi ne yaranmu na yanzu, sun ga runguma a fim, sai su kai hannu wuyan karen unguwa da ba a taɓa goyo ba, balle allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma da yawansu yara ne.