Asalin Zaburar da Ƙashi Don Ya Haɗe

Tun zamanin da Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus, ya yi bayanin karaya a cikin littafinsa At-Tasrif, galibin masu ilmin ɗibbu sun tafi a kan cewa iyakar aikin likita shi ne ya mai da ƙashi mazauninsa, ya ɗaure, sa'an nan ya bar wa Allah sauran, kamar dai yadda masu ɗorinmu suke yi har yau da kara da tsumma. Mas'alar da ta gagare su ita ce karayar da za ta shafe watanni ta ƙi haɗewa, alhali an yi mata ɗori bisa ƙa'ida.

A shekarar 1892 wani likita Bajamushe a Balin, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana ƙara kauri a inda nauyi yake danne shi, yana kuma raguwa a inda aka bar shi ba aiki. Abin da aka zaci shi ne sababin haka ya fito fili a 1957, sa'ad da Iwao Yasuda da Eiichi Fukada na Japan suka nuna cewa idan aka lanƙwasa ƙashi yakan fitar da ɗan lantarki kaɗan. Daga nan masu bincike suka yi ƙiyasi, suka ce muddin lantarki ne saƙon da nauyi yake aika wa ƙashi, to, me zai hana a ba shi saƙon kai tsaye? Andrew Bassett da Carl Brighton suka ɗauki wannan bahasi a Amurka, har hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da na'urorin lantarki a 1979.

A ganina wanda ya fi cancantar yabo shi ne Gavriil Ilizarov, likitan Kurgan, can a Saibiriya, wanda bai nemi lantarki ba ko kaɗan. Zobba na ƙarfe yake kewaya ƙafa da su, ya ratsa ƙashi da wayoyi sirara, ya haɗa zobban da sanduna masu noti. Kullum a murɗa notin sau huɗu, jimla milimita 1 a yini, sabon ƙashi yana tsirowa a cikin ratar da ake buɗewa tsakanin ɓangarorin ƙashin, majinyaci kuwa yana taka ƙafarsa da zobban a jiki. Likitocin Mosko sun daɗe suna raina shi, sai a 1968 da ya yi wa gwanin tsalle Valeriy Brumel magani, bayan an yi masa aiki sau da yawa ba nasara.

Amon da kunne ba ya ji shi ne ya zo daga baya: Luiz Duarte na Barazil ya jarraba shi a kan zomaye a 1983, kuma a 1994 Amurka ta ba da izinin na'urar da ake ɗorawa kan fata minti 20 kullum. An sayar da ita ƙwarai, amma ciniki ba hujja ba ne. Da aka gwada ta a kan mutum 501 masu karayar ƙwauri a Kanada da Amurka, aka ba wasu ta gaske, wasu ta bogi, sakamakon da ya fito a 2016 bai nuna bambanci ba, kuma a shekarar da ta biyo kwamitin ƙwararru ya ba da shawarar a daina amfani da ita.