Ranar da Za a Mayar da Basasar Yauri Fim

Yaron da ke zaune a shagon cajin waya a Shanga ya fi sanin Sarauniya Amina ta fim ɗin Netflix na 2021 a kan wadda aka ambata a Tarihin Kano. Ba laifinsa ba ne. Littafi sai an nema, fim kuwa har gida ake turo maka shi a waya. Shi ya sa mai shirya fim ɗin tarihi ya zama malamin tarihi, ko ya so ko bai so ba. Nauyin yana ƙaruwa idan labarin na yaƙin basasa ne, domin jikokin ɓangarorin biyu suna cin kasuwa ɗaya har yau.

Ƙasar Yauri tana da irin wannan labari. A 1830, lokacin da Richard Lander da ƙaninsa John suka sauka a Bin Yauri, sun tarar da babban birni mai ganuwa a kan hanyar fatake. Kafin a yi shekara ashirin, rikicin gadon sarauta tsakanin 'ya'yan sarki ya rikiɗe ya zama basasa, har fada ta bar birnin ta koma tsibirin Ikum a tsakiyar Kwara. Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa Kontagora, ya sami ƙofa a wannan ɓaraka, ya ci yankunan da a da suke bin Yauri. Garuruwan Kambari suka shiga tsaka mai wuya: wasu suka janye biyayya, wasu aka kwashe su bayi. Sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya zaunar da fada a Yelwa. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, a kan wannan zamani ya yi binciken digirinsa na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello.

Duk abin da mai fim yake nema yana nan: sarauta, cin amana, jiragen ruwa, talakawan da suka ce ba su bi. Ba daɗe ko ba jima wani zai ɗauki kyamara. Kafin ranar, yana da kyau mu duba yadda wasu suka yi da nasu labarin.

A 2016 aka fitar da Free State of Jones a Amurka, wanda Gary Ross ya ba da umarni. Labarin Newton Knight ne, wani talakan manomi na gundumar Jones a jihar Mississippi. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 yana cikin rundunar Kudu masu kare bauta, amma ya gudu. Cikin abin da ya fusata irinsa har da dokar 1862 da ta ɗauke wa mai bayi ashirin zuwa fagen fama, ta bar talaka ya mutu a madadinsa. A 1863 Knight ya tara 'yan gudun soja a cikin fadamu suka juya wa gwamnatin Kudu baya. A Afrilun 1864 aka turo Kanar Robert Lowry da karnukan farauta, ya rataye wasu daga cikinsu, amma Knight ya tsira.

Wannan ginshiƙin duk gaskiya ne, kuma fim ɗin ya dogara da binciken masaniyar tarihi Victoria Bynum. Sai dai Moses, tsohon bawan da ya zama aminin Knight, ƙirƙirarsa aka yi daga rayuwar mutane da yawa. Yaron da mutuwarsa ta sa Knight barin soja shi ma ƙirƙira ne. Ross bai ɓoye ba: ya buɗe shafi a intanet yana bin fim ɗin kashi-kashi, yana nuna inda ya samo hujja da inda ya yi ƙari. Duk da haka wasu masu sharhi sun ce an tara haske a kan farar fata ɗaya, an bar baƙaƙen da suka yi gwagwarmayar 'yancinsu a gefe.

Abin da ya fi jan hankali shi ne, tun kafin fim, gidan Knight kansa ya rabu biyu a kansa. Ɗansa Tom ya rubuta littafi ya nuna shi jarumi mai kare talakawa. A 1951 wata 'yar dangi, Ethel Knight, ta rubuta nata ta nuna shi maci amana. Mutum ɗaya, dangi ɗaya, labari biyu. Haka tarihin basasa yake a ko'ina, kuma duk mai fim da ya ɗauki ruwaya ɗaya ya riga ya shiga yaƙin.

Misali na biyu ya fi kusa da mu, ko da yake na turjiya ga Turawa ne, ba basasa ba. A Afrilun 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu a ƙasar Arewa ta Nijar, garin Sarauniya Mangu ta Azna. A 1980 Abdoulaye Mamani ya fitar da ƙagaggen labari a kanta, a 1986 kuma Med Hondo ya mayar da shi fim ɗin da aka ɗauka a Burkina Faso, wanda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a 1987. Takardun Faransawa kaɗan suka faɗa a kanta, kuma a al'adar Lugu sarautar Sarauniya ta fi karkata ga addinin gargajiya. Jaruma mai horon yaƙi tun ƙuruciya da jawaban haɗa kan al'umma, alƙalamin Mamani ne ya gina su. Yau wannan hoton ne mafi yawan mutane suka sani. Cikin shekaru kaɗan ƙirƙira ta zauna a kujerar tarihi, har ba a tuna inda aka yi ɗinkin.

To, wace ƙirƙira ce ta halatta? Ba mai hankalin da zai hana marubuci sa magana a bakin sarki, tunda ba wanda ya naɗi muryar fadawan Ikum. Haɗa mutum uku su zama ɗaya, ko taƙaita shekara goma cikin damina ɗaya, duk dabarun sana'a ne. Mu kuma masu kallo mun fi saurin kama kuskuren ido. Da fim ɗin Amina ya fito, an yi ta ƙorafi a kan sutura, da Turancin da aka yi magana da shi, da fagen faɗan da bai yi kama da Zazzau ba. Ƙorafin yana kan hanya, amma rawanin da aka naɗa ba daidai ba bai taɓa raba maƙwabta ba.

Ƙaryar da ke cutarwa ita ce ta dalili: me ya sa aka yi yaƙin, wa ya tsaya da wa. Basasar Yauri rikicin gidan sarauta ce, kowane ɓangare yana neman mataimaka inda ya samu. Mai fim da ke son sauƙi zai iya mayar da ita Hausawa da Kambari, ko Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, ya ɗora wa wata ƙabila rigar mugunta daga farko har ƙarshe. Yaron Shanga zai kalla, ya fito ya dubi abokin karatunsa da wani ido. A masarautar da Gungawa, Kambari, Shangawa, Dukkawa, Hausawa da Fulani suke auratayya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutane fiye da dubu arba'in zuwa sababbin matsugunai. Kufai da maƙabartu da dama da za su iya gaskata labari ko ƙaryata shi suna ƙarƙashin tafki. Abin da ya rage shi ne rubuce-rubucen masana da abin da ke bakin dattawa, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Saboda haka wanda zai yi wannan fim, ya fara da tabarmar tsofaffi kafin ya nemi kyamara. Ya ji ta bakin Yelwa, ya ji ta Ngaski, ya ji ta Shanga da ta mutanen gungu, ya kuma tsallaka Kontagora ya ji tasu. Inda ruwayoyi suka saɓa, ya bar saɓanin ya fito a fim ɗin, domin shi ma tarihi ne. Inda ya yi ƙari, ya faɗa a fili kamar yadda Ross ya yi. Mu kuma idan an turo mana shi a waya, mu kai wa kakanni su kalla tare da mu, mu saurari inda za su girgiza kai.