Daga Sandar Molo zuwa Inci 7.25: Yadda Wuyan Jita Ya Samu Ma'auni

Ƙasar Bakura da Maradun da Talata Mafara, inda Garbadu take, ta fi shahara da kotso. A nan aka yi Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a nan kuma Sa'idu Faru ya fito. Amma a bayan fada akwai wani gidan kiɗan da ba a cika rubuta tarihinsa ba, wato na masu tsirkiya: garayar mafarauta, da molo, da gurmi. Abin da ya haɗa su shi ne wuya. Sanda ce mulmulalliya da ba a gitta mata komai ba, ana ɗaure tsirkiya a kanta da zoben fata. In murya ta sauka, sai makaɗi ya ja zoben. Kunne ne ma'auninsa.

Irin wannan fasaha ta ƙetare teku tare da bayi. Likita Hans Sloane, da ya sauka Jamaika a 1687, ya buga zanen kayan kiɗansu na duma a littafinsa na 1707, kuma wuyan ya riga ya zama shimfiɗaɗɗe irin na Turawa. Daga nan banjo ya samo asali. Masu cewa molo ne kakansa kai tsaye sun yi gaggawa, domin masana sun fi karkata ga akontin na Jolawan Senegal da Gambiya.

A 1951 Leo Fender ya fitar da Precision Bass a Kalifoniya. Sunan na nufin daidaito, saboda ƙarafan da aka gitta a wuyan suna yanke wa yatsa inda kowace murya take. Fuskar wuyan kuwa tana da ɗan doro daga gefe zuwa gefe, don ta bi lanƙwasar yatsu. Ana auna doron ne da girman da'irar da zai cika in an zarce da shi: daga tsakiyarta zuwa baki, inci 7.25 a tsofaffin Fender, 9.5 a yawancin na yanzu, wasu kamfanoni har 12 ko fiye. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon kwanciyar wuyan.

Bambancin ƙanƙane ne a ido. Inda faɗin wuyan ya kai inci 2.5, doron 7.25 yana tashi kusan milimita 3, na 12 kuwa bai kai 2 ba. Amma wannan milimita guda ita ce rigimar. Mai gyara yana ɗora ɗan faranti mai lanƙwasassun gefuna a kan wuyan har ya sami gefen da haske ba ya ratsa ƙarƙashinsa, sa'annan ya ɗaga ko ya sauke jakin kowace tsirkiya ta bi doron. In ya yi sakaci, na tsakiya su riƙa karkarwa a kan ƙarfe, na gefe su yi tsayin da ke gajiyar da hannu. A ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano ko Gusau, inda ƙurar hunturu ke busar da katako, damina kuma ta kumbura shi, saitin bara ba ya kai bana.

A ganina ƙarafan sun ba da daidaito, sun kuma ƙwace zamiyar da ke tsakanin murya da murya, wadda mai gurmi ke yawo a cikinta. Jaco Pastorius, gwanin bes na Amurka da ya yi tashe a shekarun 1970, ya ji wannan rashi: ya cire ƙarafan jitarsa, ya cike gurabensu, ya shafe wuyan da danƙon da ake shafa wa jirgin ruwa.