Tarihin Datse Rassa a Gandayen Itacen Fain

Duk kafintan da ya taɓa feƙe katakon fain ya san ƙullin nan mai duhu da kan faɗo ya bar rami. Ƙullin nan reshe ne. Idan reshe ya mutu bai karye ba, itace sai ya ci gaba da kauri ya haɗiye shi, amma ba su zama jiki ɗaya ba. Tarihin da zan ba ku na neman maganin wannan aibi ne.

Masanan daji na Jamus, waɗanda aka daɗe ana bin koyarwarsu, sun dogara ga cunkoso: a shuka itatuwa kusa da juna, inuwa ta kashe rassan ƙasa tun suna ƙanana. Wannan ya dace da dajin da akan jira shekara ɗari kafin a sare. Da aka kai fain Afirka ta Kudu, inda yake girma da sauri, sai dabarar ta gaza. A shekarar 1939 wani masani, Ian Craib, ya ba da shawarar da ta tayar da ƙura, watau a rage itatuwa da yawa tun da wuri, waɗanda aka bari kuwa a datse rassansu da zarto suna ɗanye.

A nan ne gardamar take. Ganye shi ne ke ciyar da itace, saboda haka duk reshe mai rai da aka cire, an rage masa abinci. Gwaji ya nuna cewa idan aka cire rassan ƙasa kaɗan, hasarar ba ta taka kara ta karya ba. In aka wuce rabin rassa masu ganye kuwa, kauri yakan ja baya sosai, alhali tsawo bai cika damuwa ba. Sa'an nan ga lokaci: katako marar ƙulli shi ne kawai wanda ya tofo bayan miki ya rufe. Wanda ya jira har gindi ya yi kauri, a ganina, ya biya lada ne a banza.

Ƙasar Niyu Zilan ta koyi wannan da tsada. Babban gandun Kaingaroa, wanda aka shuka mafi yawansa a shekarun 1920 da 1930, an bar shi ba kulawa, katakonsa ya fito cike da ƙulli. A 1968 Fenton da Sutton, masu bincike a Rotorua, suka tsara a datse rassa hawa-hawa har kimanin mita 6, a bar wajen itace 200 a hekta, a sare bayan shekara 25 ko fiye kaɗan.

Daga baya masana'antu suka ƙware wajen yanke ƙulli su haɗa guntayen katako da gam. Ribar gungume datsattse ta ragu, kuɗin ƙwadago ya hau, manyan kamfanoni da dama a can suka daina datsewa, ko da yake ƙananan manoma da yawa suna nan riƙe da zartonsu.