Wurin da aka yi laifi shi ma shaida ne

Shekaru aru-aru, idan aka kawo wa alƙali ƙarar kisan kai ko ta sata, yakan dogara ne da abubuwa biyu: bakin shaidu da bakin wanda ake tuhuma. To amma shaida yana mantuwa, wani ana sayensa, wanda ake tuhuma kuwa idan ya sha duka yakan amsa abin da bai aikata ba. Daga neman maganin wannan rauni ne aka samo darasin farko da ake koya wa ɗalibin makarantar ƴan sanda, wato ya tsare wurin da aka yi laifi kafin kowa ya taɓa kome. Darasin bai cika shekara 150 ba, kuma tarihinsa ya nuna abu guda: alamar da mai laifi ya bari tana iya wanke marar laifi, amma darajarta tana hannun wanda ya fara isowa wurin.

A watan Yuni na 1892, kusa da garin Necochea na ƙasar Ajantina, aka tarar da gawar yara biyu a ɗakin uwarsu, Francisca Rojas, ita ma da rauni a wuya. Ta ce wani maƙwabcinta mai suna Velázquez ne ya yi aika-aikar. Ƴan sandan garin suka kama shi, suka gana masa azaba, ya ƙi amsawa. Bayan ƴan kwanaki aka turo sufeto Eduardo Álvarez daga birnin La Plata. Da ya duba ɗakin da natsuwa, sai ya ga tabon busasshen jini a jikin ƙofa, da zanen babban yatsa a ciki. Álvarez ya san aikin abokin aikinsa Juan Vucetich, wanda tun 1891 yake tara zanen yatsun ƴan kaso. Saboda haka ya yanko wannan ɓangare na ƙofar, ya sa matar ta dangwala yatsunta da tawada, aka gwada. Zanen nata ne, kuma da aka nuna mata ta amsa laifinta. Wannan ita ce shari'ar kisan kai ta farko da zanen yatsa ya warware. Da a ce wani mai tausayi ya wanke ƙofar domin ƴan zaman makoki, da Velázquez ne ya ɗauki alhakin.

Shekara guda bayan haka, a 1893, wani alƙalin bincike na ƙasar Ostiriya, Hans Gross, ya wallafa littafin jagora domin masu irin aikinsa. Babbar ƙa'idarsa ita ce kada a ɗaga wani abu, kada a juya shi, kada ma a taɓa shi, sai an rubuta yadda aka same shi, an auna, an zana taswirar wurin. Dalilinsa a fili yake: abin da aka gusar ba ya komawa daidai inda yake, kuma alƙalin da zai yanke hukunci bayan watanni ba zai taɓa ganin wurin da idonsa ba sai ta cikin takardar mai bincike.

A birnin Paris kuwa, Alphonse Bertillon, wanda ya fara aiki a matsayin ƙaramin magatakarda a ofishin ƴan sanda a 1879, ya ƙago hanyar gane tsofaffin masu laifi ta awon kai da hannu da ƙafa. Shi ne kuma ya tsara yadda ake ɗaukar hoton wurin laifi bisa ma'auni, ta yadda mai duba hoton zai iya sanin tazarar da ke tsakanin gawa da ƙofa. Sai dai sunan da ya yi ya kai shi ga shiga fagen da ba nasa ba. A 1894 ya ba da shaida cewa kaftin Alfred Dreyfus ne ya rubuta takardar cin amanar ƙasa da aka samu, alhali shi ba masanin rubutun hannu ba ne. Aka kai Dreyfus tsibirin da ake kira na Shaiɗan, inda ya yi shekara huɗu. A 1904 manyan masana lissafi uku, cikinsu har da Henri Poincaré, suka rushe hujjojin Bertillon, aka wanke Dreyfus a 1906. Ashe mai riƙe da kayan awo ma yana iya yin zalunci, idan ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa kafin ya duba.

Wanda ya haɗa waɗannan darussa wuri guda shi ne Edmond Locard (1877–1966), ɗalibin likita Alexandre Lacassagne. A 1910 ya samu ɗakuna biyu a can saman ginin kotun birnin Liyon, da mataimaka biyu da madubin ganin ƙananan abubuwa, ya buɗe ɗakin awo na ƴan sanda na farko a Faransa. Ra'ayin da ya shahara da shi mai sauƙi ne: mutum ba ya aikata laifi mai ƙarfi ba tare da ya bar wani abu nasa a wurin ba, kuma ba ya fita ba tare da ya kwashi wani abu na wurin a jikinsa ko a tufafinsa ba. Ƙura, gashi, zare, laka, duk shaidu ne. A 1912 aka shaƙe wata budurwa, Marie Latelle, aka tuhumi sauranyinta Émile Gourbin, ma'aikacin banki. Abokansa suka rantse cewa suna karta tare da shi a lokacin da aka yi kisan. Locard ya kankare dattin da ke ƙarƙashin faratansa, ya samu ɓurɓushin fata da wata hoda mai ruwan wardi, irin wadda wani mai haɗa magani na Liyon yake yi wa budurwar. Gourbin ya amsa, ya kuma bayyana cewa ya ciyar da agogon bango gaba ne domin ya yaudari abokansa. Shaidun ba su yi ƙarya ba, ruɗa su aka yi.

Ka'idar Locard tana da fuska ta biyu wadda ta fi shafar ɗalibi: ɗan sanda ma mutum ne, shi ma yana bari, yana kuma kwasa. Ƙasar Jamus ta ɗanɗana wannan. Bayan da aka kashe wata ƴar sanda a garin Heilbronn a 2007, awon ƙwayoyin gado da ake kira ADN ya nuna alamar wata mace, wadda aka yi ta samun alamarta a wuraren laifi kusan 40 a Jamus da Ostiriya da Faransa. Aka sa ladan euro 300.000 ga wanda ya tona ta. A watan Maris na 2009 gaskiya ta fito: alamar ta wata ma'aikaciya ce a masana'antar da ke haɗa tsinken audugar da ƴan sanda suke shafo shaida da shi. An kashe ƙwayoyin cuta a jikin audugar, amma hakan ba ya goge ADN. Shekara biyu aka ɓata ana farautar wadda ba ta san hawa ba balle sauka, sai a 2011 aka gano cewa wani gungun ƴan ra'ayin wariyar launin fata ne ke da hannu a kisan.

Mai karatu zai ga cewa wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka da Nijar ta kafa a 1961, bisa tsarin ta Faransa, ta ɗora wa jami'in ƴan sandan shari'a, ɗan sanda ne ko jandarma, nauyin zuwa wurin babban laifi nan take da kiyaye alamun da za su iya ɓacewa. Abin da ake nufi a aikace shi ne: a fara da ceton mai rai, a kewaye wurin, a rubuta sunan duk wanda ya shiga da lokacin shigarsa, a ɗauki hoto kafin a ɗaga kome, a sa safar hannu, a rufe kowane abu cikin mazubinsa daban a buga hatimi, a kuma rubuta hannun da ya bi har ya isa gaban alƙali.

Tushen wannan hikima ba baƙo ba ne a karkararmu. Idan aka sace dabba da dare, abin da mai bin sawu yake fara roƙo shi ne jama'a su ja da baya, domin ya san sawun giwa yana take na raƙumi. Amma a gari, da an ji kururuwa sai unguwa ta cika gidan, wani ya ɗauki wuƙar ya jujjuya, wata ta share tsakar gida don kunyar baƙi. Duka da kyakkyawar niyya ake yi, kuma duka suna iya kuɓutar da mai laifi ko su bar marar laifi a kaso. Nan ne malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suke da rawar takawa: su koya wa yara da manya cewa idan abu ya faru, bayan taimakon wanda ya ji rauni, babbar gudummawar maƙwabci ita ce ya tsaya a bakin ƙofa ya hana shiga har hukuma ta iso.