Baƙon Birni da Ɗan Guzurinsa: Tarihin Sauka da Ci a Cikin Ganuwar Kano

Duk wanda ya yi nazarin tarihin birnin Kano da idon basira, ya ajiye labarin yaƙe-yaƙe da jerin sunayen sarakuna na ɗan lokaci, zai tarar cewa wannan gari, tun daga zamanin da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a cikin sarautarsa ta 1463 zuwa 1499, an tsara shi ne bisa karɓar baƙo, kuma mafi yawan baƙin da aka yi wa tanadi masu ɗan guzuri ne, wato falke mai jaki ɗaya, da ɗalibi mai neman ilimi a Madabo, da maniyyaci wanda ya taso daga yamma da iyalinsa yana nufin Makka a ƙasa. Saboda haka miji da mata na wannan zamani, waɗanda suka keɓe kwana biyu ko uku domin ziyarar birni alhali aljihunsu ba shi da nauyi, magada ne ga wata tsohuwar ta'ada, ko da kuwa ba su san da ita ba.

Asalin wannan ta'ada yana da tushe biyu, na addini da na tijara, kuma da wuya a rarrabe su. Shari'a ta sanya wa baƙo haƙƙin liyafa na kwana uku, malamai kuma, tun daga Wangarawan da suka iso a zamanin Sarki Yaji cikin ƙarni na 14 har zuwa Shehu Magili wanda ya sauka wurin Rumfa, sun dasa wannan hukunci a zukatan jama'a har ya zama ɗabi'a. Ta fuskar kasuwanci kuwa, akwai fatoma, maigidan da yake saukar da fatake, ya ba su ɗaki da wurin ɗaure dabba, matan gidansa su dafa musu tuwo, ya adana hajarsu, ya nemo musu dillali, sa'an nan ya tsaya musu idan rigima ta taso. Ba a yanka wa baƙon kuɗin kwana, domin ladan maigida yana fitowa ne daga la'adar cinikin da aka ƙulla a zaurensa. Hikimar wannan tsari a fili take, tun da amfanin mai masauki ya rataya ga cin nasarar baƙonsa, ashe kuwa babu abin da zai sa ya tatse shi. Daga nan ne unguwanni suka samu sunayen da suke ɗauke da su har yau: Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Agadasawa, da Ayagi ta Yarabawa, da Dandalin Turawa da Alfindiki inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna, ga kuma Fage a bayan ganuwa inda ayarin Azbin yake sauke gishiri. Kowane baƙo yana da mutanensa da zai nufa.

Turawan farko da suka shigo birni sun bar mana shaida mai fa'ida a kan sauƙin rayuwarsa. Clapperton, wanda ya zo a 1824, ya yaba wa tsarin Kurmi, ya kuma siffanta masu gashin nama kusa da mahauta, wuta a tsakiya, tsinkaye kewaye da ita, an jera tsoka da kitse bi da bi, mace tana zaune da faifai a cinya tana miƙa wa masu saye. Wanda ya karanta wannan siffa zai gane tsiren da muke ci a yau, shekara ɗari biyu ke nan bai canja kama ba. Barth kuwa, Bajamushen da ake kira Abdulkarim, ya iso a 1851 hannunsa babu komai sai bashi, ya sauka a unguwar Dala, ya hau dutsen ya zana birnin daga bisa. Shi ne ya ƙiyasta mazaunan garin da 30,000, ya ce adadin yakan ninka a lokacin rani sa'ad da ayari suke shigowa, kuma ya rubuta cewa iyali guda suna iya rayuwa cikin wadata, har da suturarsu, da wuri 50,000 zuwa 60,000 a shekara. Garin da yake iya ciyar da baƙi kwatankwacin yawan mutanensa, ba tare da farashi ya gagari talaka ba, lalle yana da wani sirri a madafarsa.

Sirrin nan, a ganina, matan aure ne na cikin gida, kuma marubuta tarihi ba su ba su haƙƙinsu ba. Macen da take cikin kulle ba ta biyan hayar rumfa, murhun da take dafa abincin gida shi ne na sana'a, 'ya'yanta ko 'yan riƙonta su ne masu kai talla, ribar da take nema kuwa 'yar kaɗan ce wadda za ta tara domin kayan ɗakin 'yarta. Da wannan ne ƙosai da kunu suke isa ƙofar masallaci bayan asuba, waina da miyar taushe da hantsi, ɗanwake da dambu da rana, fura kuma ta haɗu da nonon da Fulani suke kawowa daga ƙauyukan kewaye. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana sayar da shi gwargwadon abin da ke hannun mai saye, ko na wuri kaɗan a da, ko na 'yan canji a yau, kuma babu mai jin kunyar ya ce a zuba masa na kaza.

Gurasa tana da nata babi. Larabawan arewacin Afirka ne suka zo da sha'awar alkama, aka riƙa noma ta a fadamu da ban ruwa, daga gare ta kuma aka samu alkaki da taliya da ita gurasar da ake mannawa a jikin tanderu. Da farko abincin attajirai da fada ce, sannu a hankali ta sauko har ta zama ta kowa, ta kuma ba wata unguwa suna, Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Ma'auratan da suka sayi bandashe, wato gurasar da aka yayyafa wa ruwa aka barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli da yaji da man gyaɗa da albasa, suka haɗa da tsire tsinke biyu, sun ci abin da ya tattara fataucin Sahara da noman gyaɗar Kano a faranti ɗaya, kuma kuɗinsa bai kai na shayi a manyan otal-otal na Nasarawa ba.

Abubuwan kallo ma haka suke, mafi girmansu ba su da ƙofar da ake biya. Dutsen Dala, inda tarihin Kano ya ce Barbushe yake hidimar Tsumburbura kafin zuwan Bagauda a 999, yana nan a tsakiyar gidaje, kuma wanda ya hau shi da sassafe kafin rana ta yi zafi zai ga Goron Dutse daga yamma, da hasumiyoyin babban Masallacin Juma'a wanda aka sake ginawa a 1951 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da faɗin Gidan Rumfa a gefensa. Gidan Makama, wanda ake danganta shi da zaman Rumfa kafin ya hau gadon sarauta, yanzu gidan adana kayan tarihi ne, kuɗin shigarsa kaɗan ne, kuma rufin azara da bakan gizon soronsa kaɗai sun isa ibra ga mai lura. A marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita suke ƙidaya farkonta daga 1498, har yanzu ana haɗa baba da toka a cikin rami, ana tsoma zane ana ɗagawa ya sha iska, ko da yake ramukan da suke aiki 'yan kaɗan ne a cikin masu yawa da suka bushe. Ya kamata mai ziyara ya sayi ko da ɗankwali ne ga uwargida, domin da irin wannan ciniki ne ragowar marinan suke riƙe da sana'ar. Ita kuwa ganuwa, wadda Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, abin da ya same ta yana sosa zuciya: ruwan sama ya ci, masu haƙar ƙasa sun ci, masu gini sun hau kanta, ƙofofi da dama kuma an mayar da su na siminti, har wanda yake son ganin yadda take a da sai ya nemi guntayenta tsakanin Ƙofar Na'isa da Dukawuya.

Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya, cewa fitar miji da mata tare domin kallon gari da cin abinci a waje sabon abu ne a birni. A tsohuwar ta'ada, idan baƙo ya zo da iyalinsa, shi zaure ne masaukinsa, ita kuwa a shigar da ita cikin gida wurin mata, a kai wa kowa akushinsa dabam, kuma Kurmi ta fi zama wurin maza da tsofaffi da 'yan talla. Abubuwa da dama ne suka sauya wannan hali. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, Sabon Gari ya tashi a bayan ganuwa da gidajen kwana na haya, fatoma ya ragu a hankali yayin da mota ta maye gurbin ayari, karatun 'ya'ya mata ya yawaita, sa'an nan keken A Daidaita Sahu, wanda aka shigo da shi zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau kuma ya mamaye tituna bayan hana acaɓa a 2013, ya ba ma'aurata abin hawa mai araha da za su zauna tare cikin mutunci har lungun da mota ba ta shiga.

Abin da bai sauya ba shi ne cewa cikin ganuwa har yau gidajen iyalai ne, masaukin haya kusan duk yana waje, a Fage da Sabon Gari da Nasarawa, don haka baƙin da ba su da kowa a birni sukan kwana a can su shigo da safe. Waɗanda kuwa suke da ɗan'uwa ko abokin ciniki a Yakasai ko Koki ko Mandawari, za su iske tsohon tsarin yana aiki yadda yake: a share wa mijin shago, a ja matar ciki, a aiko da fura tun kafin a gama gaisuwa, kuma idan baƙon ya ciro kuɗi da nufin biyan kwana, mai masaukin zai ɗauki hakan a matsayin cin fuska. Abin da ake sa rai daga gare shi shi ne 'yar tsaraba ga yara da goro ga dattawan gida.