Misƙalin Zinariya da Sauyin Darajarsa a Cinikin Ƙasar Sudan

Malaman kwarin Rima, tun daga Goronyo da Rabah har Wurno da Lahodu, suna karantar da cewa zakka ba ta wajaba a kan zinariya sai ta kai dinari 20, mafi ƙarancin sadaki kuwa rubu'in dinari ne. Amma ba a taɓa samun gidan buga dinari a ƙasar Hausa ba. Ya kamata a bincika ta yadda wannan kuɗi ya shigo cikin lissafinmu.

Dinari na shari'a nauyinsa misƙali ɗaya ne, watau wajen giram 4.25. Ana haƙo zinariyar a Bambuk da Bure, daga baya kuma a ƙasar Akan, fatake su ƙetare hamada da ita, a buga ta a birane kamar Sijilmasa. A kudancin hamada galibi garin zinariya ake aunawa da ma'auni. Saboda haka misƙali ya zama awo da kuma sunan da ake ƙiyasta farashi da shi, ko da tsabar ba ta hannu.

Nauyin bai sake ba, darajar ce take hawa da sauka. Da Sarkin Mali Mansa Musa ya bi ta Alƙahira zuwa hajji cikin 1324, ya kashe zinariya mai yawa. Al-Umari ya ba da labari cewa kafin zuwansa misƙali bai kan kasa dirhami 25 ba, bayansa kuwa bai ƙara wuce 22 ba, har shekara 12.

Shaidar da ta fi kusa da mu ta Ibn Battuta ce. A Mali da Gawo ya ga ana ba da wuri 1,150 a kan dinari ɗaya. Cikin 1353 ya sauka Takedda, yamma da Azbin, ya tarar ana ciniki da sandunan jan ƙarfe: masu kauri 400 a misƙali, sirara 600 ko 700. Ya ce ana kai wannan ƙarfe Gobir da Barno. Watau tun kafin Gobirawa su kafa Alƙalawa a bakin Rima, kayan da suke saye da misƙali aka yanke masa farashi. Wajen 1510 kuma Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya sami wuri 400 daidai da tsabar zinariya ɗaya a Tambutu. A lokacin Turawan Fotugal sun riga sun gina Elmina tun 1482, suna janye zinariyar Akan zuwa bakin teku.

Tarihin Kano ya ce wuri bai zo ƙasar Hausa ba sai zamanin Sarki Muhammadu Sharefa (1703–1731). Don haka ba daidai ba ne malami ya ɗauki farashin Gawo ko Tambutu ya ɗora wa kasuwannin Katsina da Kano na ƙarni na 15. Duk inda aka ci karo da misƙali cikin tsohuwar takarda, sai a tambayi shekara da gari, da abin da aka canza shi da shi, kafin a faɗi ko nawa ne.